Tsakanin Kwano Da Silin: Wurin Da Masu Gina Gida Daga Kurmi Suke Mantawa

Duk wanda ya sauka Nguru ko Gashuwa a 'yan shekarun nan, idan ya zaga bayan gari zai ga sababbin gidaje na bulo da siminti sun tashi a filayen da a da ake shuka gero da wake. Da yawa daga cikin gidajen nan kuɗin Kurmi ne ya gina su. Masu su suna can Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anaca da Fatakwal, wasu suna sayar da shanu, wasu busasshen kifi da albasa da tattasai, wasu canji, wasu tuƙin mota. Mutum ya tara abin da Allah ya hore masa ya aiko wa ƙanensa ko wani amini, a sayi bulo, a ɗauko birkila, shi kuwa sai dai a riƙa tura masa hotuna ta WhatsApp: ga harsashi, ga linta, ga an ɗora kwano, ga an buga silin an shafa fenti.

Ranar da maigidan ya zo ganin gida, musamman idan zuwan ya faɗo cikin bazara, kamar yadda Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ran 10 ga Afrilu, a nan ne ake yin ta. Da safe ya zaga ɗaki-ɗaki yana sa albarka, dangi suna ta yi masa barka da arziki. Kafin azahar falon ya gagari zama. Ya ɗaga hannu ya taɓa silin ya ji kamar an sauke tanda. Fanka kuwa, idan an yi sa'a akwai wuta, sai ta riƙa kwaso zafin sama tana watsa masa a ka. Daga ƙarshe sai a gan shi ya ɗauki buta da tabarma ya nufi cikin gari, ya je ya miƙe a tsohon zauren ƙasa na gidan ubansa, wanda ya yi niyyar rushewa.

To, a nan ne tunani yakan kai shi ga wani banki ko wani otal da ya taɓa shiga a Ikko, inda sanyi yake sauka daga 'yan ƙananan ƙofofi a jikin silin, ba a ganin na'ura ko ɗaya a bango. Sai ya ce shi ma irinta yake so, a sanyaya gidan gaba ɗaya a huta. A kira mai aikin daga Kano, a biya masa kuɗin mota. Mai aiki ya nemi tsani, ya duba bai ga ƙofar shiga silin ba, ya cire falle ɗaya ya cusa kai, kansa ya bugi kwano. Magana ta ƙare ke nan. Ko dai a kwashe rufin gaba ɗaya a sake, ko kuwa a haƙura.

ZAFIN DA BA A GAYA WA ƊAN GARI

Masu karatu 'yan wannan yanki ba sa bukatar a gaya masu zafin garinsu, amma wanda ya shekara ashirin a Ikko jikinsa yakan manta. Nguru da Gashuwa suna can arewacin Jihar Yobe, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, kuma tsakaninsu bai kai kilomita 70 ba. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa kwana da kwanaki a jere. Ruwan sama kuwa bai fi na wata uku zuwa huɗu ba. Mutanen Kudu da yawa ma ta hanyar zafin nan suka san sunan Gashuwa, tun lokacin da gwamnatin soja ta kai lauyan nan na Ikko, Gani Fawehinmi, kurkukun garin ta tsare a 1989. Kuma abin ba raguwa yake yi ba. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wanda yake kusan layi ɗaya da wannan yanki ta fuskar kusanci da hamada.

Wannan lissafin na inuwa ne. Kwanon da ya wuni a rana yakan kai digiri 70, shi ya sa kafinta ba ya hawa rufi da tsakar rana ba takalmi. Iskar da ta maƙale tsakanin kwanon da silin, idan ba ta da mafita, ita ma takan haura digiri 60. Abin da ya raba mai ɗaki da wannan wuta shi ne fallen silin wanda kaurinsa bai kai rabin inci ba.

Kwano ba baƙo ba ne a Nguru. Tun da jirgin ƙasa ya iso garin daga Kano a 1930, ya mai da shi ƙarshen layi, taragon da ya kwashi gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu ya yi Kudu shi yake komowa da kwano da siminti da kusa. Sai dai Turawa da Kwara da suka fara rufi da shi sun san halinsa. Gine-ginen wancan zamani, irin gidajen ma'aikatan reluwe da manyan kantuna, za a ga bango mai tsawo, da baranda mai faɗi wadda take hana rana dukan bango, da kafofin shan iska a can sama ƙarƙashin rufi. Da aka shiga shekarun arzikin mai, musamman bayan kuɗin Udoji na 1975, sai kowa ya ɗauki kwano, aka bar tsawon da barandar da kafofin iska a baya, domin su ne masu cin kuɗi.

Ba laifin mutane ba ne su guji soro. Rufin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara kafin damina, azara ta yi wuya ta yi tsada, kuma ambaliyar da ta auka wa Gashuwa da kewaye a 2022 ta nuna yadda ginin ƙasa yake narkewa idan ruwa ya kwanta a gindinsa. Soron ma ba Aljanna ba ne: zafin da ya sha da rana da dare yake amayar da shi, shi ya sa ake kwana a tsakar gida. Amma dai daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da tsofaffi da masu jego da jarirai suka fi galabaita, soro yana ba da mafaka. Ɗakin kwano mai gajeren rufi ba ya bayarwa.

ABIN DA NA'URAR TAKE BUKATA A SAMA

Ita wannan na'ura mai bututu, wadda masu gyara suke kira santaral, kashi biyu ce kamar 'yar'uwarta ta bango. Injin yana waje. Amma akwatin da yake hura sanyi ba a jikin bango ake kafa shi ba, cikin silin ake ɓoye shi, sa'an nan a ja manyan bututu daga jikinsa zuwa kowane ɗaki, a kuma ja wani bututun wanda ya fi su girma ya riƙa zuƙo iskar gidan yana mai da ita cikin akwatin a sake sanyaya ta.

Akwatin na gida madaidaici tsayinsa yakan kama daga inci 10 zuwa 14, tsawonsa ƙafa 3 zuwa 4 da wani abu, nauyinsa kuwa yakan kai na buhun siminti. Ba a ɗora shi a kan silin, rataye shi ake yi a jikin katako mai ƙarfi ko ƙarfe. Ƙarƙashinsa ana sa faranti mai tarar ruwa, domin na'urar tana tatsar ruwa daga iska, da damina har lita da yawa a wuni. Ruwan nan kuwa ba ya hawa tudu, dole bututun fitar da shi ya sami gangare tun daga akwatin har waje. Idan babu gangaren, wata rana sai a ga silin ya yi taswira, daga nan ya rufto.

Bututun da yake zuwa ɗaki faɗinsa inci 8 zuwa 12 ne, na komowa kuma 14 zuwa 16, kuma kowanne sai an naɗe shi da abin tsare zafi mai kaurin inci ɗaya ko biyu. Ba a so a murƙushe shi ko a lanƙwasa shi da ƙarfi don ya wuce ƙarƙashin katako, domin duk inda aka matse shi iska ta ragu, sai a ga falo yana sanyi ɗakin ƙurya yana gumi. Idan aka haɗa akwati da faranti da wurin ratayewa da inda mai gyara zai sa hannu, abin da masu aikin suke nema a wurin da akwatin zai zauna shi ne kimanin ƙafa 2 na fili tsantsa, watau santimita 60, ba tare da katako ya gitta ba. Akwai sirara waɗanda suke shiga ƙafa ɗaya da 'yan inci, amma ƙarfinsu na ɗaki ɗaya ne ko biyu. Har ila yau sai an bar ƙofa a jikin silin, ƙafa 2 kowane gefe, kusa da akwatin, wadda mutum zai shiga ya fita.

Yanzu sai a kwatanta da abin da kafinta yake yi idan ba a ce masa komai ba. A ɗauka faɗin gida ƙafa 30 ne, rufin kuma mai fuska biyu, ƙololuwarsa a tsakiya. Idan ƙololuwar ta ɗaga ƙafa 2 kawai bisa silin, kamar yadda ake yi idan ana so a ɓoye kwanon a bayan rawanin gini, wanda birkiloli suke kira farafet, to, ƙafa 2 ɗin a tsakiya cak kaɗai ake samunta. Da an matsa rabin hanya zuwa bango saura ƙafa ɗaya, kuma ba a cire kaurin katako ba. Idan ƙololuwar ta kai ƙafa 3, za a sami fili mai faɗin ƙafa 10 a tsakiyar gidan inda tsayin ya kai ƙafa 2. Idan ta kai ƙafa 5, filin ya zama ƙafa 18. Bambancin gidan da zai karɓi na'urar da wanda ba zai karɓa ba ke nan, kuma a rana ɗaya ake yanke shi, ranar da kafinta ya kafa katakon tsakiya. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Akwai hanya mafi sauƙi ma. Idan birkila ya kai inda silin zai tsaya, sai ya ƙara layi biyu na bulo kafin a ɗora katako. Tsayin bulo inci 9 ne, layi biyu ya ba da inci 18 ko'ina a gidan, har bakin bango inda rufi yake sauka. Gida mai ƙafa 30 da 45 kewayensa ƙafa 150 ne, bulo ɗaya kuma tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi, watau bulo 100 a layi, 200 a layi biyu, ban da 'yan bangayen ciki idan ana so su ma su hau. Wanda ya iya sayen bandir-bandir na kwano, bulo 200 ba zai gagare shi ba. Abin da ya hana shi ne ba wanda ya gaya masa, shi kuma mai tsaron aikin yana so ya nuna ya yi tattali.

Gidan da aka yi wa dakin na kankare kuwa babu fili a samansa ko kaɗan, sai dai a sauko da silin ƙasa da kamar inci 14 zuwa 18. Idan tun farko tsayin ɗakin ƙafa 9 ne, abin da zai rage ƙafa 7 da rabi, dogon mutum ya ɗaga hannu zai sa riga fanka ta sare shi. Shi ya sa masu dabara suke sauke silin a lungun da ya ratsa tsakanin ɗakuna kawai, su bi da bututu ta nan, sanyin ya shiga kowane ɗaki ta saman ƙofa.

DOGON RUFI NA YAYI

Mai karatu zai ce ai yanzu an daina gajeren rufi, yayin dogo ake yi, irin wanda ake hangowa tun daga nesa kamar hular dara. Gaskiya ne, kuma daga Kudu da Abuja aka kwaso shi. A Ikko da Fatakwal, inda ake tafka ruwa wata bakwai ko takwas, rufi mai tsini yana da dalili. A Gashuwa ado ne kawai, kuma ado mai tsada. Fili kam akwai shi, har mutum ya miƙe tsaye. Amma sau da yawa kafinta ya cika cikinsa da katako gicciye ko'ina kamar sheƙar shamuwa, ba inda akwati zai wuce. Sa'an nan kwanon da aka fi so baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, wanda yake shan rana fiye da fari nesa ba kusa ba. A ƙarshe kuma a toshe bakin rufin ruf da roba ko katako don kyau, ba kafa ko ɗaya. Babban fili mai cike da iska mai zafi wadda ba ta motsi, babbar tanda ce kawai.

Bututun sanyi da aka bi da shi ta cikin wannan tanda yana asara tun kafin ya isa ɗaki. A Amurka, inda aka fi ko'ina amfani da irin wannan na'ura, hukumomin makamashi sun ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da take bin bututu a hanya take zurarewa, ta wurin haɗi da ɓula. Can ma ke nan, inda babu ɓeran da ya saba da rumbun gero.

Dogon rufi yana da wani haɗarin wanda ɗan Yobe ya sani sarai, watau iskar farkon damina da take tasowa daga gabas. Kowace shekara tana kwashe rufin gidaje da na makarantu. Tsoronta ne ma ya sa magina suke ƙanƙantar da rufi su ɓoye shi bayan rawani, kuma ba su yi wauta ba. Wanda zai ɗaga rufinsa dole ya ɗaure shi: a dasa rodi ko ƙarfen ɗauri cikin kankaren da ya zagaye saman bango, a naɗe katakon da shi, kada a dogara da kusa kaɗai.

WA ZAI CIYAR DA ITA?

Ko da fili ya samu, saura tambayar da ta fi kowace nauyi. Na'urar da za ta sanyaya gida mai ɗaki uku ko huɗu da falo tana jan wajen kilowat 4 na lantarki idan tana aiki da ƙarfinta, kuma a Afrilun Nguru ba ta da lokacin hutu. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga 'yan rukunin Band A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana. A bisa wannan farashi, awa 8 kacal a rana ya kama Naira 7,200, a wata Naira 216,000, fiye da ninki uku na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a wannan shekarar. Wanda ba ya samun wutar kuwa sai janareta mai kusan KVA 10, ga shi tun ran 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin mai. Idan sola ce, sai faranti goma ko fiye masu wat 500 don ita kaɗai da rana, da dare kuma sai batura masu tsadar mota.

Ita kuwa ta bango mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, abin da take ja bai wuce kilowat ɗaya da ɗan ɗori ba, kuma ɗakin da ake ciki kaɗai take sanyayawa. Idan ta lalace akwai masu gyara a gari. Mai bututu idan ta tsaya gida duka ya tsaya, kayanta kuma sai Kano, wani lokacin sai Ikko.

Akwai kuma tsarin zaman gida. Mai bututu an yi ta ne don gida dunƙule ƙarƙashin rufi ɗaya. Gidan da yake da zaure da shago da turaka daban, ɗakunan mata kuma suna kewaye da tsakar gida, bututu ba zai tsallaka fili ba. Ko a dunƙulallen gidan ma, tunda iskar ɗakunan duka wuri ɗaya take komawa a gauraya a sake rabawa, mai mata biyu ya kwana da sanin cewa turaren wutar amarya zai riƙa sauka a ɗakin uwargida, kuma matan wannan yanki ba a yi masu gori wajen turare. Hayaƙin turaren da ƙurar hunturu, wadda take tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, su ne suke toshe rariyar na'urar. Idan ba a wanke ta a kai a kai, injin ya yi ta wahala ba sanyi.

Wani abin lura kuma, asalin iyakwandishan ma don maganin laima aka ƙirƙiro ta. Willis Carrier ya haɗa ta farko a 1902 saboda wata maɗaba'a a birnin New York inda danshi yake ɓata takarda. Zafin Ikko irin wannan ne, mai danshi, mai sa riga ta manne a jiki. Zafin bazarar Nguru busasshe ne, kuma busasshen zafi yana da magani mai araha wanda kowace randa take nunawa: ruwa idan yana bushewa yana tafiya da zafi. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Akwai na'urar sanyaya ɗaki mai aiki haka, fanka ce take jan iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, kuma waɗanda suka zauna Sudan sun san ta, can ita ce ta kowa. Wutar da take ci ba ta kai rubu'in ta iyakwandishan ba, ƙaramar sola ma ta ishe ta. Aibinta biyu ne: tana shan ruwa, kuma da damina ta sauka iska ta yi danshi amfaninta ya ragu ƙwarai. Ita ma idan za a ja mata bututu ta cikin silin, bututunta ya fi na waccan girma.

FILIN YANA AIKI KO BA NA'URA

Abin da ya kamata mai gini ya riƙe shi ne, filin nan na tsakanin kwano da silin yana da amfani ko da har abada ba a sa na'ura a ciki ba, muddin iska tana ratsa shi. Iska mai zafi sama take yi. Idan akwai kafofi a ƙasa ta bakin rufi, akwai wasu a can sama kusa da ƙololuwa, sai mai zafin ta fice ta sama, ta waje ta shigo ta ƙasa, ba wuta ba mai. Ƙa'idar da magina suke bi a Amurka ita ce a bar kafa mai faɗin kashi ɗaya cikin 150 na faɗin silin. Gidan nan mai ƙafa 30 da 45 zai bukaci kafofin da jimlarsu ta kai murabba'in ƙafa 9, rabi sama rabi ƙasa. A rufe su da ragar ƙarfe saboda jemage da tantabaru, kuma a kauce wa fuskar gabas, ko a yi mata marfi, saboda feshin ruwa da ƙura.

Wani maginin zamani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, da wannan dabara ya yi suna a duniya. Makarantar firamaren da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, ya yi mata silin na bulon ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, ya bar tsakaninsu a buɗe iska tana wucewa. Kwanon ya zama laima kawai, ƙasar kuma ta tsare zafi. Aikin ya sami lambar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini. Zafin Gando da na Gashuwa 'yan gida ɗaya ne.

Bayan iska sai abin shimfiɗawa a kan silin. Akwai audugar gilashi da ake sayarwa a naɗe, akwai takarda mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin kwano tun kafin a buga shi. Farin soso irin na cikin kwalin firji yana tsare zafi, amma yana cin wuta da sauri, kuma wayoyin lantarki ta nan suke bi, don haka sai an bi da su cikin bututun roba. Wani abin mamaki shi ne ciyawar kachalla, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ta hana masunta da manoma sakat. Irin wannan ciyawa ta addabi kogin Senegal, can kuwa sai suka shiga busar da ita suna cuɗa ta da laka suna yin allunan tsare zafi na rufi da bango. Abin da ake biyan kuɗi a sare a ƙone a bakin tafkin Nguru, a wani wurin kayan gini ne.

Maganar iska kuma ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. Sanƙarau a bazara yake tashi, kuma cunkoso a ɗaki marar iska yana taimaka masa. Annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a arewacin ƙasar nan. Wanda ya toshe tagogi ya manne ko'ina don yana jiran na'ura, ranar da babu wuta ya jefa iyalinsa cikin akwati.

Wanda ya riga ya gama gini da gajeren rufi ba sai ya kwashe kwano ba. Yana iya sa a fasa kafofin iska a bangon da ke ƙarƙashin rufin, a shafa wa kwanon farin fenti, kamar yadda hukumar birnin Ahmedabad ta ƙasar Indiya ta riƙa yi wa gidajen talakawa tun 2017, sa'an nan ya sa ta bango a ɗaki ɗaya inda tsofaffi da yara za su fake da rana. Idan silin ɗin tsohon asbestos ne, kada a bari yaro ya hau shi da zarto, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi a cire fallen ɗungurungum.

Wanda kuwa gininsa yake matakin linta yanzu, yana Agege ko Sabo yana jiran hoto, hoton da ya kamata ya nema shi ne na kafin a buga silin. A sa yaro ya hau ya riƙe tef daga katakon silin zuwa kwano, a ɗauka a tsakiyar gida, a sake ɗauka a bakin bango, lambar tef ɗin tana fitowa sosai. A ɗauko masa inda rodi ya naɗe katako, da kafofin iska da ragarsu, da inda aka bar ƙofar shiga. Sai ya ga waɗannan sa'an nan ya aika da kuɗin silin.